Jagorar Masu Fatsa da Ƙaramin Jirgi: Kayan Gyaran da Za Ka Ɗauka da Yadda Za Ka Yi Gyaran

Tambayoyin da 'yan'uwa masu sha'awar fatsa suke ta maimaita mini ba su wuce biyu ba: me zan zuba a akwatin gyara, kuma in abu ya lalace ina tsakiyar ruwa yaya zan yi? Yawancinsu mazauna cikin gari ne da suka samu ƙaramin jirgin nan na mutum ɗaya, kayak, suna ɗora shi a kan mota ranar Asabar su nufi dam ɗin Tiga ko Bagauda ko Watari ko Thomas. Wasu kuma kwale-kwalen katako suke karɓa haya a hannun masunta. Zan taɓa kowanne, amma na roba zan fi daɗewa a kansa, domin shi ne babu mai gyaransa a bakin dam.

Ka riƙe abu ɗaya tun yanzu. Gyaran da ake yi a kan ruwa ba na ci gaba da kamun kifi ba ne, na kai kanka tudu ne. Gyara na sosai sai a gida, a inuwa, jirgi a bushe. Da wannan za ka auna duk abin da za ka saya da wanda za ka bari.

Mataki na 1: Fara sanin da me aka ƙera jirginka

Nan ne mafi yawan mutane suke asarar kuɗi. Mutum ya sayi gam mai tsada ya shafa, ya shiga ruwa, facin ya ɗago tun bai jefa ƙugiya ba, sai ya zagi mai shago. Alhali gam ɗin lafiyarsa ƙalau, jikin jirgin ne ba ya karɓar gam.

Jirage iri huɗu za ka gamu da su. Na farko, wanda ya fi yawa, shi ne na roba mai kauri da aka zuba a ƙira guda ba haɗi. Robarsa dangin ta jarka ce da duron ruwa, irin wadda ake yi wa alamar lamba 2 a cikin kusurwa uku. In ka shafa ta za ka ji ɗan santsi a hannu. Wannan robar ba ta shan gam, ko sufa gulu ko Araldite. Narka ta ake yi a haɗe. Na biyu shi ne na hurawa da famfo, jikinsa leda ce mai kauri irin ta tamfol. Shi yana karɓar gam, amma nasa na musamman. Na uku na faiba ne, mai tauri da ƙyalli, in ka ƙwanƙwasa yana amsawa da ƙara, kuma in ya fashe za ka ga zare-zare fari a bakin fashewar. Araldite na kama shi sosai. Na huɗu kwale-kwalen katako ne, wanda masuntanmu suka fi kowa sanin maganinsa.

Gargaɗi: kada launi ya ruɗe ka. Na faiba da na roba duk ana yin su ja da shuɗi da ruwan ɗorawa. Ka kankare wani ɓoyayyen wuri kaɗan da wuƙa. In ya fito sili-sili mai laushi, roba ce. In gari ya fito, faiba ne.

Mataki na 2: Raba kayanka gida uku

Ba akwati ɗaya ake yi ba. Akwai abin da zai zauna a jikinka, akwai na cikin jirgi, akwai wanda za a bari a mota.

A jikinka: rigar kariya daga nutsewa, a sanye a ɗaure, ba a shimfiɗe a kan kujera ana zaune a kanta ba. A aljihunta ka sa ƙaramar wuƙa, usur, da wayarka a cikin jakar ledar nan da ruwa ba ya shiga, ɗaure da zare. Dalili shi ne in jirgi ya kife, abin da ke jikinka kaɗai ne naka.

A cikin jirgi kuwa, ka samu robar abinci mai murfin da ke kamawa, wadda ba ta fi ta cin mutum biyu ba. Ga abin da zai shiga:

filaya mai dogon baki da ke yanka waya, sukuddireba mai kai biyu, alanki da sifana daidai da notunan jirginka kaɗai, ba saiti duka ba, bol da noti da wosha biyu-biyu na kowane girma da ke jikin jirgin, ɗaurin roba mai haƙora irin na masu wayarin, kamar guda goma, manya da ƙanana, igiyar nailon mai kaurin fensir, mita biyar, robar tiyub da aka yanka dogo-dogo, salatif mai kauri na liƙe kwanon rufi, kamar kamu biyu, tsumma busasshe a ƙulle a leda, 'yar kwalbar sifirit, guntun samfefa, laita, guntun gam ɗin kyandir, toshiyar magudanar ruwa ta biyu (ta ramin da ake tsiyaye ruwan cikin jirgi), filasta da aidin.

A wajen akwatin, amma ɗaure da jirgi, sai filafili na biyu, soso babba, da galan ɗin da aka yanke gindinsa aka bar murfin, na kwarfe ruwa. Mai jirgin hurawa zai ƙara da famfonsa da faci da gam ɗinsa.

Sauran manyan kaya, guduma da injin huda da babban gwangwanin gam da tufafin canji, mota ce wurinsu.

Gargaɗi: kowane jirgi yana da iyakar nauyin da aka rubuta masa, kuma nauyinka da na kaya da na kifin da kake fatan kamawa duk a ciki suke. Ka bar wa jirgin sarari, kada ka kai shi bakin iyakarsa. Mutanen Kano ba su manta da hatsarin kwale-kwalen Bagwai na ƙarshen Nuwamban 2021 a dam ɗin Watari ba, wanda ya ci rayukan ɗaliban Islamiyya da dama daga ƙauyen Badau, kuma yawan lodi na cikin abin da aka ɗora wa laifi. Allah Ya jiƙansu. Mai lodin ƙarafa da sunan shiri ya ƙara wa kansa haɗari ne.

Mataki na 3: Sayayya a cikin gari

Ba sai ka yi oda daga waje ba, in ban da abu biyu ko uku. Kasuwar Ƙofar Ruwa ita ce ta bol da noti da wosha, samfefa, salatif ɗin rufi, da kayan aikin hannu. Robar abinci mai murfi da galan da soso, Ƙofar Wambai. Ɗaurin masu wayarin da ayan na soda, wajen masu kayan lantarki a Sabon Gari. Jakar waya, Farm Centre ko titin Beirut. Tiyub kuwa ka tsaya wurin mai facin unguwarku ka ce, "Malam, ko akwai mataccen tiyub na babur?" Sau da yawa kyauta zai miƙo maka.

Wajen kuɗi, abu biyu ne za su taɓa aljihu da gaske: rigar kariya da filafili na biyu. A nan kada ka nemi araha. Bayansu sai salatif ɗin rufi, don a nadi ake sayar da shi, saboda haka ku haɗa kuɗi da abokan fita ku raba. Noti marar tsatsa ya fi na gama-gari tsada, amma 'yan ƙwayoyi kake bukata. Sauran duk kayan 'yan canji ne.

In za ka sayi noti, cire ɗaya daga jikin jirgin ka tafi da shi, kada ka dogara da ido. Jiragen da aka ƙera a Amurka sukan zo da zaren noti na inci, na kasuwarmu kuma yawanci na milimita ne. Suna kama da juna ƙwarai, amma in ka tilasta wani a ramin wani ka kashe zaren ramin gaba ɗaya. Ka kuma sa mayen ƙarfe a aljihu. Notin da ba ya tsatsa na gaske, mayen ƙarfe ba ya kama shi, ko ya kama da ƙyar. Wanda ya manne caraf, wankin ƙyalli kawai aka yi masa, kuma damina ɗaya ta ishe shi.

Abin da zai yi wuyar samu shi ne toshiyar magudana ta ainihi, bawul ɗin jirgin hurawa, da gam ɗinsa. Su kam a sa wanda zai kawo tun kafin a bukata.

Mataki na 4: Duba jirgi tun daren tafiya

Ba a fafe gora ranar tafiya. Bayan sallar isha'i ka kifa jirgin a tsakar gida, ka sa tocila mai haske a cikinsa ta bakin ma'ajiya, wato ƙofar nan mai murfi da ake zuba kaya a cikin jirgi, ka kashe fitilar waje. Duk inda haske ya fi fitowa, robar wurin ta siranta, inda ya fito kamar zare kuwa tsagewa ce.

Wurare uku suka fi ba da matsala. Akwai ƙasan wutsiya, inda jirgi ke gogar ƙasa in ana jansa. Akwai ramukan zubar ruwa da suka ratsa daga sama zuwa ƙasa a jirgin da ake zama a kansa, waɗanda sukan tsage ta ciki inda ido ba ya kaiwa. Sai kuma ƙarƙashin kujera, inda nauyinka ke dannawa kullum.

Daga nan ka bi kowane noti da hannu, na kujera, na mariƙin ɗauka, na matakin ƙafa, na masakar sandar fatsa. Wanda ya yi sako-sako ka ɗaure har ya zauna, sannan ka ƙara kwatan juyi kaɗai.

Gargaɗi: wasu notunan suna shiga ne cikin ɗan ƙarfen tagulla da aka dasa a jikin robar. In ka matsa da ƙarfi, ƙarfen zai ɓalle ya riƙa juyawa tare da notin, kuma gyaran wannan ya fi na notin da ya saki wahala nesa ba kusa ba.

Kafin ka rufe, ka cusa gorunan ruwa na roba babu komai a ciki, murfi a ɗaure, a gaba da bayan cikin jirgin, gwargwadon abin da wurin zai ɗauka. Ba su da nauyi, kuma in cikin ya cika da ruwa su za su hana jirgin yin ƙasa.

Mataki na 5: Hanya da bakin ruwa

Jirage da yawa a kan mota suke samun rauninsu, ba a ruwa ba. Tiga tafiyar kusan kilomita 70 ce daga gari, ta hanyar Zariya a wuce Kura, kuma a watan Afrilu da Mayu da zafi ke haura digiri 40 roba tana laushi. In ka ja igiya iya ƙarfinka, kafin ka isa cikin jirgin ya lotsa. Ka kifa shi a kan katifa ko tsohon bargo, ka ɗaure daidai yadda ba zai motsa ba, ka ƙara igiya a kai da wutsiya. In ya lotsa duk da haka, kwance shi ka bar wurin yana kallon rana, ko ka zuba masa ruwan zafi, yawanci yakan dawo da kansa.

Da ka isa, abin farko shi ne gaisuwa. Ka nemi Sarkin Ruwa ko dattijon masuntan wurin: "Ranka ya daɗe, baƙi ne daga birni, muna so mu ɗan jefa fatsa. Ina ne ba a bi?" Su suka san inda kututturan itatuwan da ruwa ya cinye suke, da inda aka shimfiɗa koma. Tiga tun 1974 take, dam ɗin Challawa na Ƙaraye tun 1992, amma kututturan da duwatsun suna nan a ƙasa, kuma da rani, da ake sakin ruwa wa manoman Kadawa da Kura, ruwan Tiga yana ja baya har su matso kusa da sama. Wurin da ka bi lafiya a Oktoba zai iya fasa maka jirgi a Afrilu. Ka karɓi lambar wayar mutum ɗaya a cikinsu, ka faɗa masa lokacin da kake sa ran fitowa.

Kada ka ja jirgi a kan tsakuwa ko siminti, ku ɗauke shi ku biyu. Abu na ƙarshe kafin ƙafarka ta bar ƙasa: taɓa toshiyar magudana da yatsa ka tabbatar tana ɗaure. Ba kallo ba, taɓawa.

Mataki na 6: In ruwa ya fara shiga

A jirgin da ake zama a kansa ba za ka ga ruwan ba, don a ciki yake taruwa. Alamarsa ita ce jirgi ya yi nauyin tuƙi, ya riƙa jinkirin miƙewa in ya karkata, wutsiya ta yi ƙasa, ko ka ji ruwa na kaɗawa a ƙarƙashinka. Da ka ji ɗaya daga cikin waɗannan, ga jerin abin yi.

Ka naɗe zarenka, in ya maƙale ka yanke shi. Ka juya kan jirgi zuwa tudu mafi kusa, ba inda ka ajiye mota ba. Ka zauna a tsakiya, ka yi tuƙi gajere-gajere ba tare da jingina gefe ba, domin ruwan da ke ciki yana bin duk inda ka karkata ya ƙara maka nauyi a can. In akwai masunta kusa, ka busa usur tun da sauran dama, ba kunya a ciki.

Gargaɗi: kada ka buɗe murfin ma'ajiya a tsakiyar ruwa don ka leƙa, musamman in akwai iska. Jirgin da ya riga ya yi ƙasa, igiyar ruwa ɗaya ta shiga ta wannan bakin an gama. Haka in ka hango hadari ya taso daga gabas, ajiye maganar gyara ka nemi tudu, don iskar da ke gabansa takan riga ruwan isowa.

A kwale-kwale ko jirgin da ake shiga cikinsa, ruwan a fili yake. In huda ce ƙarama kuma hannunka na kaiwa, cusa tsumma ko guntun sabulu, ka taka da ƙafa, ka riƙa kwarfa kana tuƙi. In jirgi ya kife kuwa, ka riƙe shi. Ya fi ka iya yawo a kan ruwa, kuma an fi hango shi daga nesa.

Mataki na 7: Facin wucin gadi a tudu

Ka fito da jirgin gaba ɗaya daga ruwa, ka buɗe toshiya ka tsiyaye shi, ka kifa shi wurin ya kalli rana. Kada ka tsaya cikin ruwan gefe kana aiki. Ruwa marar zurfi mai ciyawa shi ne gidan dodon koɗin da ke ɗauke da tsargiya, kuma dam-dam ɗinmu ba su rabu da ita ba.

Jirgin roba da na faiba hanyarsu ɗaya ce a nan. Goge wurin da tsumma har ya bushe ƙarau, ka matsa gefen tsagewar don ruwan da ya ɓuya a ciki ya fito. Ka ɗan goga samfefa, ka share da sifirit, ka jira ya tashi. Yanki salatif ɗin rufi yadda zai wuce raunin da faɗin yatsu uku ta kowane gefe, ka zagaye kusurwoyinsa da wuƙa, don kusurwa mai tsini ita ruwa ke fara kamawa ya ɗaga. Ka ɗan ɗumama shi a rana ko ka gifta masa laita daga nesa. Ɗora daga tsakiya kana dannawa zuwa gefe da gindin sukuddireba har babu iska a ƙasa. In hannu na kaiwa ta ciki, yi wani a can ma.

Kuskuren da ake yi kusan kullum shi ne gaggawa: a manna a kan danshi, ko a kan man fetur da aka goge wurin da shi. Fetur yana barin maiƙo, kuma yana narka baƙin gam ɗin salatif ɗin. Minti goma na jiran bushewa sun fi faci uku a kan jiƙa.

Jirgin hurawa, masu huda shi sanannu ne: ƙugiyarka, ƙayar tarwaɗa, da ta kurungu wadda ta fi kowacce mugunta. Don haka kada kifi mai ƙaya ya taɓa jikinsa, daga ƙugiya sai cikin bokiti. Kafin ka zargi huda ka fara duba bawul, sau da yawa shi ne ya saki ko yashi ya shiga bakinsa. In ba shi ba ne, shafa ruwan sabulu ka nemi inda kumfa ke tashi, ka yi alama, ka sace iskar duka. Share wurin da facin, ka shafa gam siriri a duka biyun, ka jira kamar minti biyar ya daina jiƙa yatsa, ka ƙara shafi na biyu, ka sake jira, sannan ka haɗa ka danne sosai. Gam irin wannan yana son kwana guda kafin ya gama kamawa. In dole ne ka koma ruwa don ka kai ga mota, ka hura shi sama-sama ka bi gefe-gefe.

Gargaɗi: sholishon masu faci na robar taya ne, ba ya riƙe ledar jirgi. Gam ɗin masu haɗa bututun ruwa kuma busar da wurin yake ya sa ya karye. Sannan iskar da ka hura da sanyin asuba tana kumbura da rana, ka rage ta in za ka bar jirgin a tudu da tsakar rana, in ba haka ba ɗinki ne zai buɗe, shi kuwa ba ya faci a bakin ruwa.

Kwale-kwalen katako, in na haya ne, kira mai shi. In kuwa ba ya kusa, tsumma ko auduga ake turawa cikin haɗin katakon da bayan wuƙa, a bi da narkakkiyar kwalta. Rami babba a rufe da tsumma mai kwalta, a ɗora fallen gwangwani, a bi gefensa da gajerun ƙusoshi kusa-kusa.

Mataki na 8: Filafili, kujera da ƙananan karaya

Filafili ya karye a sanda: samo itace miƙaƙƙe ko gora mai tsawon kamu biyu, ka jera a kan karayar, ka naɗe da robar tiyub kana ja iya ƙarfinka, zagaye kan zagaye, ka kulle bakin da ɗaurin masu wayarin. Zai kai ka gida in ba ka yi masa tuƙin ƙarfi ba. In maɓallin haɗin tsakiya ne ya faɗi, bol da noti su maye gurbinsa. Amma mafi yawan filafilai ba karyewa suke ba, sulalewa suke su tafi lokacin da hannu biyu ke kan kifi. Ka ɗaure shi da jirgi da igiya gajera. Gajera fa, don doguwar igiya tana naɗe ƙafa in an kife, kuma wannan na cikin dalilan wuƙar da ke aljihunka.

Kujera ta ɓalle: igiya ko ɗaurin roba ta ramin da notin ya fita. Kada ka raina wannan, mai tuƙi ba majingina bayansa ke fara gajiya kafin hannunsa. In noti ya fice ya bar rami a saman jirgi, toshe ramin da salatif. In za ka mayar da sabo, yanki wosha daga tiyub ka sa a ƙarƙashin ta ƙarfe don ta hana yoyo.

Mai jirgi da abin juyawa a wutsiya, in wayarsa ta tsinke ko ciyawa ta cushe shi, ya ɗaga shi ya ɗaure, ya juya da filafili.

Mataki na 9: Sanda da injin zare

Nan ba rai ne a ciki ba, saboda haka a taƙaice. Zoben kan sanda ya fita: ɗumama gam ɗin kyandir da laita, shafa a kan sandar, mayar da zoben ya daidaita da 'yan'uwansa kafin ya huce. Gam ɗin za ka ɗumama, ba sandar ba, wuta tana kashe ta. Kan sanda ya karye: yanke daidai saman zobe na gaba ka ci gaba. In zare na yawan tsinkewa ba dalili, zura auduga ta cikin kowane zobe, wanda ya kama audugar ya tsage, shi ke cin zaren.

Injin naɗe zare kada ka kwance shi a kan ruwa. Ƙananan sifirin da wosha ne a ciki, ɗaya ya faɗa shi ke nan. In yashi ya shiga, ɗauraye da ruwan sha, ɗiga man keken ɗinki. In ya ƙi, ajiye shi ka ɗauko zaren hannu da ka naɗe a guntun katako da ƙugiya da dalma, karfasa ba ta tambayar da me aka kama ta.

Gargaɗi: ƙugiya ta shiga hannu har ƙayarta ta nutse, kada ka fizge. Yanke zaren, rufe da filasta yadda ba za ta motsa ba, ka nemi asibiti a cire a yi maka allurar tetanus. Kusa da ido ko kan gaɓa kuwa ko taɓawa kada ka yi. Rauni a dam ɗin Wasai, inda ruwan Jakara ke zubewa da dattin gari, a wanke shi da ruwa mai tsabta nan take.

Mataki na 10: Gyara na sosai a gida

Facin salatif ba a komawa ruwa da shi mako na gaba. Ka ɓare shi, ka kankare ragowar baƙin gam ɗin tas, ka wanke da sabulu, ka bar jirgin ya kwana biyu yana bushewa murfi a buɗe.

Ga jirgin roba, fara da huda ɗan rami, kamar milimita 3, a kowane ƙarshen tsagewar. Wannan ne ke hana ta ci gaba da tafiya, kuma shi masu gaggawa ke tsallakewa. Sai ka fere bakin tsagewar da wuƙa ta zama kwari. Abin cikawa dole ya zama dangin robar jirgin. Mafi kyau guntun da aka yanke daga jikinsa in kana da shi, in babu, tsohuwar jarka mai lamba 2, a wanke ta, a yanka siri-siri. Robar kujera da ta gorar lemo da ta bututu ba sa haɗuwa da ita, za su zauna a sama kamar sun kama, su ɓalle daga baya.

Da ayan na soda mai faɗin baki, ka ɗumama jikin jirgin da abin cikawar tare. Wannan robar tana narkewa a wajen digiri 130, ba ta bukatar wuta mai yawa. Abin da kake nema shi ne ta yi ƙyalli ta yi laushi kamar alewar da ta sha rana. In ta fara hayaƙi ko ta yi ruwan ƙasa, ta ƙone, kuma ƙonanniyar roba ba ta da ƙarfi, sai an kankare a sake. Ka riƙa tafiya kaɗan-kaɗan, kamar gaɓar yatsa ɗaya a lokaci guda, kana cakuɗa sabuwar da tsohuwar da bakin ayan. Tsagewa mai tsawo, ko wadda ke wurin da nauyi ke dannawa, ka yanko ragar matacin shayi ta ƙarfe marar tsatsa, ka danna ta da ayan har ta nutse a cikin robar, sannan ka rufe ta da wani shafin. Ka bar wurin ya huce da kansa, kada ka zuba ruwa. A waje ake wannan aikin, inda iska ke kaɗawa.

In hannunka bai saba ba, masu liƙin bokiti da jarka da ke zagaya unguwa da ƙarfensu a garwashi sun san aikin nan, don dangin robar ɗaya ce. Sai dai ka tsaya a kansa, ka kawo abin cikawar da kanka, ka roƙe shi ya rage zafin ƙarfen, domin bangon jirgi bai wuce 'yan milimita ba kuma ƙarfen da ya yi ja zai ratsa shi. Ka ba shi jarka ya gwada ka gani tukuna. Tsagewar da ke cikin ramin zubar ruwa ita ce mafi wuya, in ayan ba ya kaiwa ƙarshenta, jirgin bai dace da tsakiyar Tiga ba ko da ya daina yoyo.

Na faiba, a goge da samfefa har a wuce raunin da yatsu uku, a shimfiɗa ƙyallen faiba falle biyu ko uku, kowane ya ɗara na ƙasansa faɗi, ana jiƙa su da ruwan gam ɗinsa. Masu gyaran bamban mota sun iya wannan.

Gwaji shi ne na ƙarshe. Ɗora jirgin a kan tayoyi biyu, zuba bokiti biyu ko uku na ruwa a ciki, ka karkata shi ruwan ya kwanta a kan gyaran, ka shimfiɗa takarda a ƙasa ka ba shi awa guda. Kada ka cika shi da ruwa, nauyin zai iya buɗe wani wurin. In takarda ta cika awar a bushe, fitar farko ka yi ta kusa da gefe, ka fito bayan rabin awa ka buɗe toshiya ka ga abin da zai zubo. Sannan ka buɗe akwatin gyara ka mayar da duk abin da ka taɓa, ka shanya tsumman, ka shafa wa filaya mai, ka duba gam ɗin jirgin hurawa, don wanda aka taɓa buɗewa yakan daskare a cikin bututunsa kafin zagayowar shekara.